Wace Irin Ƙara Zan Shigar? Amsa Ga Wanda Ya Sayi Fili Magada Suka Sake Sayarwa

Malam, na karanta tambayarka, kuma zan maimaita ta a taƙaice domin amsar ta hau kanta daidai. Ka ce shekara uku da suka wuce ka sayi fuloti a wata unguwa ta bayan gari a Kano, ka biya kuɗin a gaban shaidu biyu, aka rubuta muku takardar ciniki, ka kafa fegi har ka zuba bulo. Daga baya mai sayarwar ya rasu, magadansa suka ce ba su san da cinikin ba, suka sayar wa wani mutum filin, shi kuwa har ya fara haƙa harsashi. Da ka je ka yi magana, sai ɗaya daga cikin 'ya'yan mamacin ya rubuta a Facebook cewa kai ɓarawon fili ne. Ka nufi kotu, magatakarda ya tambaye ka irin ƙarar da kake son shigarwa, ka rasa abin cewa. Shi ya sa kake son sanin yadda ake rarraba ƙararrakin neman haƙƙi, da kuma rukunin da taka ta faɗa.

Tambayar da magatakardan ya yi maka ba ta cike gurbi a takarda ba ce. Daga amsarta ake sanin kotun da take da hurumin sauraronka, da irin takardar da za a buɗe shari'ar da ita, da wa'adin da doka ta ba ka, da irin hujjar da za a nema daga gare ka, har ma da kotun da za ka nufa idan ɗaukaka ƙara ta kama. Abin da ke tantance rukunin ƙara kuwa shi ne babban abin da kake roƙon kotu ta yi maka. Girman ɓacin ranka ba ya tantancewa, haka ma muƙamin wanda kake ƙara. Idan batun hurumi ya taso, takardar da'awar mai ƙara alƙali yake dubawa. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, aka kafa ƙa'idar da har yau lauyoyi suke ambata kusan kullum: duk shari'ar da kotu ta yi ba tare da hurumi ba ɓatacciya ce, kome kyawun yadda aka gudanar da ita. Ana iya tayar da wannan batu a kowane mataki, ko da an kai Kotun Ƙoli, ma'ana mutum yana iya shafe shekara goma yana cin nasara, rana ɗaya a ce masa ya koma farko.

Rabon farko shi ne tsakanin shari'ar laifi da ta neman haƙƙi, waɗanda a harabar kotu za ka ji ana ce musu kiriminal da sibil. A ta laifi hukuma ce take gurfanar da mutum domin a hukunta shi, a ta haƙƙi kuwa kai ne kake neman a dawo maka da abinka ko a biya ka diyya. Na san shawarar farko da za a ba ka a majalisa ita ce ka kai su wurin 'yan sanda. Idan akwai alamar zamba, misali magadan sun san da cinikinka suka sake sayarwa da gangan, kai rahoto yana da muhalli. Sai dai sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wani saɓani na haƙƙi kawai, kuma ko da an ɗaure wani a cikinsu, ɗaurin ba ya mallaka maka fili. Akwai kuma tarkon da ya kamata ka sani: a shari'ar haƙƙi rinjayen hujja ake nema, amma da zarar ka rubuta a da'awarka cewa wani ya yi jabun takarda, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora maka nauyin tabbatar da wannan zargi irin yadda ake tabbatar da laifi, wato ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. Kada ka yi zargin jabu sai kana riƙe da abin da zai tabbatar da shi.

Labarinka ɗaya ne, amma ƙara uku ce a cikinsa, ga kuma ta huɗu da take kama da taka alhali ba taka ba ce. Idan filin kake so, ƙararka ta mallakar ƙasa ce: za ka roƙi kotu ta bayyana cewa kai ne mai haƙƙi a kansa, ta rushe ciniki na biyu, ta ba ka diyyar kutse, ta kuma hana su sake shiga. Idan ka haƙura da filin kuɗinka kake so, ƙararka ta yarjejeniya ce ko ta bashi a kan dukiyar mamaci. Rubutun Facebook kuwa ɓata suna ne, wanda yake cikin rukunin cutarwa, tare da sakaci irin na direban da ya buge mutum ko likitan da ya yi ganganci, da riƙe kayan wani ba bisa haƙƙi ba, da damun maƙwabci da hayaƙi ko ruwan kwata. Ta huɗun ita ce gado, kuma zan dawo kanta, domin a nan mutanenmu suka fi tuntuɓe.

Tsakanin neman fili da neman kuɗi akwai bambanci mai girma, kuma zaɓin naka ne, ba na lauya ba. Mai neman mallaka da ƙarfin hujjarsa yake cin nasara, raunin abokin shari'arsa ba ya wadatar da shi, kuma dole ne ya fayyace filin da iyakokinsa ta yadda ba za a rikita shi da na maƙwabci ba. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka: tarihin asalin filin, takardu, ayyukan mai abu da aka daɗe ana yi a kansa, dogon riƙo, da mallakar filin da yake manne da shi. Kai takarda da riƙo kake da su. Takardar ciniki da ba a yi wa rajista ba ba ta kai satifiket ɗin mallakar fili na gwamnati ƙarfi ba, amma idan ta haɗu da biyan kuɗi da karɓar fili, kotuna suna ɗaukar ta a matsayin haƙƙin da yake rinjayar mai sayen da ya zo daga baya yana sane, ko kuma ya ga alamar da ta isa ta sa ya bincika. Bulon da ka zuba, wanda wataƙila ba ka ɗauke shi da muhimmanci ba, yana iya zama mafi tsadar abin da ke cikin shari'arka. Neman kuɗi ya fi sauƙi da sauri, amma naira ta shekara uku da suka wuce ba ita ce ta yau ba, shi kuwa fili farashinsa sama yake yi. Doka ta yarda ka haɗa biyun a takarda ɗaya, ka sa filin a matsayin babbar buƙata, kuɗin kuma madadi idan ta farko ba ta samu ba. A ganina wannan ne ya fi dacewa da halinka.

Da zarar ka ce fili, sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shigo. Sashe na 39 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha ita kaɗai shari'ar filin da gwamna ya ba da izinin mallakarsa, ko wanda doka take ɗauka kamar shi ya bayar, wato filayen da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, ko da mai filin bai taɓa riƙe satifiket ba. Sashe na 41 kuma ya ba kotunan yanki da na gargajiya hurumi a kan filin da yake ƙarƙashin izinin ƙaramar hukuma, kamar gonakin karkara, kuma a shari'ar Adisa da Oyinwola ta 2000 Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotu ma tana iya sauraron irin wannan. Ka ce fulotinka a bayan gari yake. Bayan gari a bakin mutane daban, a taswirar gwamnati daban, domin unguwanni da yawa da har yau ake ganin gonaki a gefensu sun daɗe da shiga yankin birni a hukumance. Wannan shi ne abin da za ka fara bincikawa a ma'aikatar ƙasa. Idan shakka ta rage, Babbar Kotun Jiha ce ba a jayayya a kan huruminta ta kowace fuska.

Yanzu batun gado. Da yake magada ne abokan rigimarka, za a iya ce maka ka kai su kotun shari'ar Musulunci a kan gado. Shari'ar gado ita ce wadda ake jayayya a kan waye magaji, nawa ne rabonsa, wasiyya ta inganta ko ba ta inganta ba. Kai ba magaji ba ne, baƙo ne da yake cewa filin ya fita daga hannun mamacin tun yana raye, don haka rigimarka ta mallaka ce. Muhimmancin wannan yana fitowa ne a wajen ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki na 1999 ya iyakance Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga abubuwan da suka shafi aure da rabuwarsa, da dangantaka, da riƙon yara da waliccinsu, da waƙafi, da kyauta, da wasiyya, da gado. Rigimar mallakar gona ko ciniki ko bashi, ko da Musulmi biyu ne suka yi ta a gaban alƙalin shari'a, Babbar Kotu take zuwa idan an ɗaukaka. A shari'ar Magaji da Matari ta 2000 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa jayayyar mallakar ƙasa ba ta cikin hurumin waccan kotu. Har yanzu ana yin wannan kuskure, a kai rigimar gona gaban alƙalan waccan kotu, a yi shekaru, daga ƙarshe Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta rushe komai.

Wannan ba ya nufin fiƙihu bai san rarraba ƙara ba. Malamanmu sun daɗe da rarraba ta, kuma rabon nasu yana da kaifi. Abu na farko da alƙali yake yi shi ne ya gane waye mudda'i, wato mai da'awa, waye mudda'a alaihi, wato wanda ake da'awa a kansa, kuma ba lallai wanda ya riga zuwa kotu ya zama mudda'i ba. Mudda'i shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'ada, shi ake nema ya kawo shaidu, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Sannan irin da'awar ita take faɗin adadin shaidu. A mazhabar Malikiyya, a sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa, amma a aure da saki ba a hukunci da shaida ɗaya da rantsuwa. Idan bashi kake bin mamaci, bayan shaidunka za a ƙara nemanka da rantsuwa cewa ba a biya ka ba kuma ba ka yafe ba, saboda wanda zai musa maka ba ya raye. Amfanin wannan hanya a gare ka shi ne ana fitar da bashi daga dukiyar mamaci kafin wasiyya da rabon gado. Akwai kuma hauzi, wanda littafin fiƙihu na Risala ya ambata: wanda ya riƙe gida shekara 10 yana yin aikin mai abu a cikinsa, mai da'awa yana nan yana gani bai ce komai ba kuma babu abin da ya hana shi magana, ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa, kuma aro da haya da jingina ba sa zama hauzi.

Ka nemi bayani a kan sauran rukunai, don haka bari in taɓo kotunan tarayya, ko da yake ƙararka ba ta da hanya zuwa can. Babbar Kotun Jiha ita ce mai faffaɗan hurumi bisa sashe na 272, Babbar Kotun Tarayya kuwa abin da sashe na 251 ya lissafa mata kawai take saurara: kuɗaɗen shiga na gwamnatin tarayya, harajin kamfanoni, kwastan, tafiyar da kamfanoni, haƙƙin mawallafa da alamar kasuwanci, sha'anin jiragen ruwa da na sama, ma'adinai, zama ɗan ƙasa, da ƙalubalantar matakan gudanarwa na hukumomin tarayya. Mutane suna zaton duk wanda zai yi ƙarar hukumar tarayya can zai nufa, amma a 2005, a shari'ar Onuorah da kamfanin matatar mai ta Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce saɓa yarjejeniyar ciniki ta yau da kullum ba ta cikin hurumin Babbar Kotun Tarayya, ko da kamfanin gwamnatin tarayya ne abokin cinikin. Rigimar mutum da bankinsa a kan asusunsa ana iya kai ta Babbar Kotun Jiha. Rigimar aiki kuma, kora ce ko albashi ko fansho ko ƙungiyar ƙwadago, tun gyaran tsarin mulki na 2010 sashe na 254C ya mayar da ita Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai. Auren da aka ɗaura a rajista Babbar Kotun Jiha ce take raba shi bisa dokar shari'ar aure ta 1970, auren Musulunci kuwa kotun shari'a.

Misalin da na fi so in bayar a kan babbar buƙata na Sarkin Muri ne, Alhaji Umaru Abba Tukur, wanda gwamnan soja na tsohuwar Jihar Gongola, Yohanna Madaki, ya tuɓe a 1986. Sarkin ya tafi Babbar Kotun Tarayya ta hanyar kare haƙƙin ɗan Adam, yana cewa ba a ba shi damar kare kansa ba kuma an tauye masa 'yancin walwala. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce ainihin abin da yake nema shi ne a rushe tuɓewar, wannan kuwa batun sarauta ne da yake hurumin Babbar Kotun Jiha, tauye haƙƙin kuma reshe ne da ya tsiro daga gare shi, don haka kotun da ba ta da iko a kan tushe ba za ta riƙe reshe ba. Irin wannan muhawara ta sake tasowa a rikicin masarautar Kano na 2024. Na kawo wannan ne domin hanyar kare haƙƙin ɗan Adam tana da sauri, kuma saurin yana ruɗar mutane su sanya wa rigimar fili ko ta kora daga aiki rigar tauye haƙƙi. Alƙalai sun san wannan dabara, da wuya ta wuce su.

Bayan an san kotu, sai irin takardar buɗe shari'a. A Babbar Kotu, duk ƙarar da ake jayayya a kan abin da ya faru, irin taka, da sammaci na gama-gari ake fara ta, a haɗa da cikakkiyar da'awa, da sunayen shaidu, da bayanin kowannensu a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin takardun da za a dogara da su, duka tun ranar farko. Akwai wani sammaci na daban da ake amfani da shi idan babu jayayya a kan abin da ya faru, fassarar doka ko ta wata takarda kawai ake nema, kuma da takardun rantsuwa ake yanke shi ba tare da kiran shaidu ba. Wanda ya bi ta nan da rigimar fili, galibi za a umarce shi ya koma ya shigar da da'awa, ya yi asarar watanni. Rabuwar auren rajista da rushe kamfani da ƙarar zaɓe da takardar koke ake fara su. Shi kuwa bashin da adadinsa sananne ne, kamar naira miliyan 2 da aka rubuta aka sa hannu, yana da gajeriyar hanya inda ake yanke hukunci nan take idan wanda ake bi bai nuna wata kariya ta gaske ba. Irin wannan bashi ne kuma kotunan ƙananan da'awowi suke saurara, waɗanda Legas ta fara a 2018 da iyakar naira miliyan 5, Kano ta biyo baya a 2019. Ba sa sauraron mallakar fili.

Wa'adi ma rukuni yake bi, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Legas shekara 6 ce ga yarjejeniya, 12 ga ƙasa, wasu jihohin kuma 5 da 10. Mafi haɗari shi ne ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, wadda doka ta ba wata 3 kacal, ko da yake kotuna sun fitar da yarjejeniya da neman ƙasa daga wannan ƙunci. Kai shekara uku ce da cinikinka, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka taɓa haƙƙinka, don haka ba ka makara ba.

Game da ɓata sunan, shawarata ka raba shi da shari'ar filin. Mutum ɗaya ne ya yi rubutun, hujjojinsa daban ne, kuma cusa shi cikin shari'ar mallaka zai ja ta ne kawai. Idan ka yanke shawarar bin sa, dole ka kawo kalmomin yadda aka rubuta su da Hausa, harafi da harafi, tare da fassararsu zuwa Turanci tunda shi ne harshen Babbar Kotu, ka kuma nuna cewa wani ba kai ba ya karanta su. Ka adana hoton rubutun tun kafin a goge shi, kuma lauyanka zai haɗa shi da takardar shaidar da sashe na 84 na Dokar Shaida yake nema ga duk abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta. Ka kuma guji rubuta diyyar ɗaruruwan miliyoyi don huce haushi, domin kuɗin shigar da ƙara galibi yana bin adadin da aka nema, alƙali kuwa abin da ya ga ya dace zai bayar. Asarar da take da adadi, kamar kuɗin bulo da na leburori, sai an lissafa ta ɗaya bayan ɗaya an kawo rasit.

Ba a ƙarar mamaci, saboda haka sunayen magadan da suka sayar, ko masu kula da dukiyar idan an naɗa su, su za a rubuta, kuma wajibi ne a haɗa da mai saye na biyu, domin hukunci ba ya hawa kan wanda ba a sa shi cikin shari'a ba, shi ne kuma yake kan filin. A ranar da za a shigar da ƙarar, lauyanka ya haɗa da roƙon umarnin wucin gadi na dakatar da gini har a gama shari'a, tare da hotunan filin yadda yake a yanzu masu ɗauke da kwanan wata. Kotu ba ta ba da umarnin hana abin da aka riga aka gama, kuma mai haƙa harsashi a wannan watan yana iya kaiwa linta a wata mai zuwa.